Fargabar Rashin Barci: Yadda Mazaunin Saudiyya Zai Warware Ta Mataki-Mataki

Akwai rashin barcin da dalilinsa a fili yake, kamar ciwon haƙori, ko kukan jariri, ko lalacewar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a tsakiyar watan Yuli a garin Makka. Irin wannan da zarar dalilin ya gushe, barci yakan dawo da kansa ba tare da an neme shi ba. Wanda wannan jagora ta nufa shi ne na biyu, wato wanda dalilinsa na farko ya daɗe da wucewa amma ya bar wa mutum tsoro a zuciya, ta yadda tun daga kiran sallar Magariba gabansa zai fara faɗuwa, yana tambayar kansa ko yau ma ido biyu zai kwana. A nan tsoron ne ya gaji dalilin farko, shi ne kuma yake ci gaba da korar barcin dare bayan dare.

Na san wannan hali a jikina. A shekarata ta biyu a Jidda ina aiki a wani kanti da ba a rufewa sai sha biyun dare, muna kwana mu biyar a ɗaki ɗaya, sai batun sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ya hana ni runtsawa na kusan mako guda. An sabunta takardar, hankalina ya kwanta a kanta, amma barci bai dawo ba, domin na riga na koyi kwanciya ina gadinsa. Wani dattijo Bakatsine da muke ɗaki ɗaya ya farka wani dare ya gan ni ina haska fuskata da waya ina duba lokaci, sai ya ce da ni a hankali don kada ya tashi sauran: "Ɗana, ai barci ɓarawo ne. Ka taɓa ganin ɓarawon da ya shiga gidan da mai shi yake zaune a bakin ƙofa da fitila yana jiransa?" Na ce, "A'a, Baba." Ya juya ya ci gaba da minsharinsa. Daga baya na gane cewa kusan duk abin da likitocin barci suke koyarwa a kan wannan matsala bayani ne a kan yadda mai gida zai kashe fitilar ya bar bakin ƙofa.

Mataki na farko: ka fahimci abin da yake faruwa a jikinka

Abubuwa biyu ne suke kawo barci. Na farko shi ne yunwar barci, wadda take taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka, ta hanyar wani sinadari da ake kira adenosin, kuma gwargwadon daɗewar mutum a farke gwargwadon ƙarfinta. Na biyu shi ne agogon jiki, wanda hasken rana da duhun dare suke saita shi. Idan waɗannan biyun suka haɗu, barci yakan zo ko mutum ya so ko bai so ba, shi ya sa ake ganin mai gadi yana gyangyaɗi a kan kujerar ƙarfe. Abin da yake iya danne su shi ne tsoro. Idan zuciya ta ɗauki wani abu a matsayin haɗari, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, bugun zuciya ya ƙaru, tsokoki su ɗaure, kunne ya buɗe ga kowane motsi. Jiki bai san bambanci tsakanin tsoron maciji da tsoron wayewar gari ba tare da barci ba, duk shiri ɗaya yake yi musu.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata su rage maka nauyi tun yanzu. Barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma farkawa ta ɗan lokaci a tsakaninsu al'ada ce ga kowa, sai dai mai lafiyayyen barci yakan gyara kwanciya ya manta, mai fargaba kuwa yakan duba agogo ya fara lissafi. Haka nan idan aka auna masu wannan matsala da na'ura a ɗakin gwajin barci, sau da yawa akan tarar sun yi barci fiye da yadda suke zato, domin matakin farko na barci mara nauyi ne ƙwarai, mutum yakan fita daga cikinsa ya rantse cewa ko runtsawa bai yi ba.

Mataki na biyu: ka rubuta barcinka na mako biyu

Ka nemi ɗan littafi ka ajiye shi kusa da sallayarka. Kowace safiya ka rubuta lokacin da ka kwanta, da kimanin lokacin da barci ya ɗauke ka, da yawan farkawarka, da lokacin da ka tashi gaba ɗaya, da ƙailular da ka yi jiya, da adadin shayi ko gahawa da ka sha. Da kintace za ka cike shi, kada ka duba agogo cikin dare saboda shi. Amfaninsa shi ne zuciyar mai fargaba dare mafi muni kawai take riƙewa, littafin kuwa zai nuna maka cewa a cikin darare 14 akwai masu dama-dama da ka manta da su.

Mataki na uku: ka tsayar da lokacin tashi, ka bar lokacin kwanciya ya biyo baya

Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, don haka zan tsaya a kansa. Mutum ba shi da iko a kan lokacin da barci zai ɗauke shi, amma yana da cikakken iko a kan lokacin da zai tashi. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ramuwa. Idan dare ya ɓaci, sai ya koma bayan Asuba ya kai hantsi, ko ya yi ƙailula ta sa'a uku, ko ya kwanta tun ƙarfe tara don ya cike gurbi, ranar Juma'a da Asabar kuma ya yi ta barci har kusan azahar. Kowace ramuwa tana cinye yunwar barcin daren da ke tafe, sai ya kwanta ba tare da ita ba, ya yi ta juyi, tsoron ya ƙara samun hujja.

Musulmi yana da wata sa'a a nan, domin sallar Asuba ta riga ta kafa masa turke. A Makka da Jidda alfijir yakan keto da misalin ƙarfe huɗu da 'yan mintuna a tsakiyar zafi, ya kai kusan biyar da rabi ko fiye a lokacin sanyi. Ka zaɓi ɗaya daga cikin tsari biyu ka riƙe shi kwana bakwai a mako. Ko dai ka tashi Asuba kada ka koma, sannan ka yi gajeriyar ƙailula ta minti 20 zuwa 30 kafin ƙarfe uku na rana, ko kuwa ka koma bayan salla zuwa wani ƙayyadadden lokaci da ba ya canzawa, misali ƙarfe shida da rabi, ka bar ƙailula. Haɗa biyun a lokacin da kake jinyar wannan matsala shi ne yake hana ta warkewa. Da zarar ka tashi ka nemi hasken safiya, ko da tafiyar minti goma ce zuwa sayen burodi da ful, domin hasken nan shi yake saita agogon jiki, kuma mazaunin ƙasar nan yana iya yin kwana da kwanaki daga ɗaki mai labule zuwa mota zuwa wurin aiki ba tare da rana ta taɓa idonsa ba.

Yanzu ka koma ga littafinka ka yi lissafi. A ce kana kwanciya sa'a 8 amma barcinka bai wuce sa'a 5 da rabi ba, wato kashi 69 cikin 100 kawai na zamanka a shimfiɗa barci ne, sauran sa'a biyu da rabi saƙa da warwara ce. Abin yi shi ne ka rage lokacin kwanciyar ya yi kusa da ainihin barcin, misali sa'a 6, kana ƙirgawa baya daga lokacin tashinka. Darare na farko za su yi wuya, za ka ji gyangyaɗi da rana, amma yunwar barci za ta taru har ta fi ƙarfin tsoron. Idan ka yi mako guda kana barci a kalla kashi 85 cikin 100 na lokacin da kake kwance, ka ƙara minti 15, haka mako bayan mako har ka kai adadin da ya ishe ka, wanda ga yawancin manya yakan kama daga sa'a 7 zuwa sama. Masanin barci Arthur Spielman da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan hanya a 1987, kuma tana cikin tsarin jinyar gyaran tunani da ɗabi'a wanda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa shi za a fara gwadawa kafin a kai ga ƙwaya.

Akwai sharaɗi a kan wannan mataki. Kada lokacin kwanciya ya gaza sa'a 5 ko yaya lissafin ya nuna. Direba, da mai aiki a saman gini, da mai farfaɗiya, da mai juna biyu, da wanda yake da larurar ƙwaƙwalwa mai hawa da sauka, kada su rage lokacin kwanciya sai da sanin likita. Su tsaya a kan tsayar da lokacin tashi da barin ramuwa, wannan kaɗai yana yin aiki.

Mataki na huɗu: ka raba shimfiɗa da zullumi

Ƙwaƙwalwa takan haɗa wuri da abin da aka saba yi a cikinsa. Wanda ya yi watanni yana juyi a kan katifa ya koya wa jikinsa cewa katifa fagen fama ce, shi ya sa za ka gan shi yana gyangyaɗi a falo ko a cikin bas, amma da ya kwanta sai idonsa ya bushe. Maganin wannan, kamar yadda masanin halayyar ɗan Adam Richard Bootzin ya tsara tun 1972, shi ne kada ka kwanta sai ka ji barci na gaske, wato nauyin ido da hamma, domin gajiyar jiki daban, jin barci daban. Idan ka kwanta ka ji kamar minti 20 sun wuce kuma ranka ya fara ɓaci, ka tashi ka koma wani wuri mai ƙarancin haske, ka yi wani abu mai sanyi kamar karatu a takarda ko jan carbi, sai barci ya dawo ka koma. Ko sau uku ne a dare ɗaya ka maimaita.

Na san da yawa daga cikinmu ba su da falon da za su koma. Wanda yake kwana da mutum huɗu ko biyar a ɗaki, ko matar da take ɗaki ɗaya da 'ya'yanta a wani lungu na Hindawiyya ko Sharar Mansur, tashi ya kunna fitila rigima ce. A irin wannan hali ya wadatar ka sauka daga katifa ka zauna a kan sallaya ka jingina da bango, ko ka fita baranda idan akwai. Abin nufi shi ne jiki ya san cewa kwance wuri ne na barci, zaune kuma wuri ne na jira. Agogo kuwa ka juya fuskarsa bango. Ka saita ƙararrawar waya, ka ajiye ta inda hannunka ba zai kai ba sai ka miƙe, domin duk duba lokaci lissafi yake haifarwa, saura sa'a uku, saura biyu, kuma babu wanda lissafi ya taɓa sa shi barci.

Wasu tsoron makara sallar Asuba ne yake sa su duba agogo sau goma. Ka ɗauki matakin da ya dace, ƙararrawa biyu ko alƙawari da abokin kwana ya tashe ka, sannan ka saki ranka. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa sun taɓa makara a wata tafiya bayan an ɗora wa Bilal gadin alfijir barci ya rinjaye shi, ba su farka ba sai da rana ta fito, suka yi sallarsu a lokacin.

Mataki na biyar: ka ba damuwa lokacinta da rana

Baƙon ƙasa ba ya rasa abin tunani: kuɗin haya, halin kafili, wato ubangidan da izinin zamanka yake ƙarƙashinsa, kuɗin makarantar yara a gida, nawa riyal ya koma a naira, wane ne ba shi da lafiya a dangi. Da rana aiki yakan danne waɗannan, sai dare ya yi shiru su fito layi. Ka ware minti 15 bayan La'asar ko bayan Magariba, ka raba takarda gida biyu, a dama ka rubuta abin da yake damunka, a hagu ka rubuta ƙaramin abu guda da za ka iya yi a kansa gobe, kamar kiran wane, ko tambayar farashin kaza. Abin da babu yadda za ka yi da shi ka rubuta cewa an bar wa Allah. Idan tunanin ya taso maka cikin dare, ka ce da kanka an riga an rubuta, akwai zamansa gobe.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da mu. Saudiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da sa'a biyu, don haka lokacin da mutanen Kano ko Maraɗi suka ci tuwon dare suka zauna hira da ƙarfe goma, suka fara turo saƙon murya a WhatsApp, a nan sha biyun dare ta yi. Saƙon da ya fara da "Yaya, akwai wata 'yar matsala" idan aka saurare shi a kan katifa, daren ya tafi ke nan, alhali babu abin da za a iya yi a kansa kafin safiya. Ka sanar da iyali cikin ladabi lokacin da kake amsa waya, ka bar wa mutum ɗaya, kamar mahaifiya ko mai ɗaki, hanyar kiranka kai tsaye idan abu na gaggawa ya taso, sauran kuwa su jira wayewar gari.

Mataki na shida: gahawa, shayi da goro

Sinadarin kafin da ke cikin gahawa, shayi, goro da lemon ƙara kuzari yana toshe wurin da adenosin yake aiki, wato yana ɓoye wa ƙwaƙwalwa yunwar barcinta. Jiki yakan ɗauki kimanin sa'a 5 kafin ya fitar da rabinsa, don haka abin da aka sha da ƙarfe takwas na dare rabinsa yana nan da ƙarfe ɗaya. Gahawar Larabawa tana yaudara, saboda launinta fari-fari ne kuma finjalin, wato kofin da ake shan ta, ƙarami ne, amma mai zubawa ba ya gajiya, kafin ka ankara ka sha biyar da dabino. Ka karɓi na farko don girmama mai gida, ka girgiza finjalin kamar yadda al'adarsu take don nuna ya isa. A ranakun jinyar nan, ka tsayar da duk waɗannan daga azahar.

Mataki na bakwai: abin da za ka yi da zuciyarka a kan shimfiɗa

Ka yi alwala, ka kwanta ta gefen dama, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka yi tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 kamar yadda aka koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali. Sai dai a kiyaye wani tarko. Mai fargaba yakan mayar da azkar ƙwayar barci, ya karanta sannan ya kasa kunne ya ji ko ta yi aiki, idan barci bai zo ba sai sabon tsoro ya shigo, ko imaninsa ne ya yi rauni, ko an yi masa sammu, ko iska ce ta shafe shi. A ganina wannan zargin ya fi rashin barcin cutarwa. Ka yi zikirinka a matsayin ibada, ladansa yana nan ko ka yi barci ko ba ka yi ba.

Bayan haka ka sassauta numfashi, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, ka bi gaɓoɓinka daga yatsun ƙafa zuwa muƙamuƙi kana ɗaure kowace tsoka na ɗan lokaci kana sakinta. Idan ka ji kana matsa wa kanka, ka gwada akasin haka: ka buɗe ido a cikin duhu, ka ce da kanka hutawa kawai za ka yi, ba ka neman barci. Jimlolin da suke hura wutar su ma ka duba su da hujjar littafinka. Idan zuciya ta ce gobe ba za ka iya aiki ba, ka tambaye ta sau nawa ka yi mummunan dare kuma ka je dawam, wato wurin aiki, ka dawo lafiya, ko da da ɗan ciwon kai. Washegarin mummunan dare ka yi harkokinka yadda ka saba, abu guda kawai za ka bari shi ne doguwar tuƙi, musamman hanyar Makka zuwa Madina mai fiye da kilomita 400, wadda miƙewarta kaɗai takan sa mai lafiya gyangyaɗi.

Lokacin da ya kamata a ga likita

Idan matsalar tana faruwa dare uku ko fiye a mako har tsawon wata uku, likitoci suna ɗaukar ta a matsayin rashin barci mai ɗorewa, kuma ta cancanci a duba ta. Kada ka jira wata ukun idan abokan kwana sun ce kana minshari mai ƙarfi numfashinka yana ɗaukewa, ko kana tashi fitsari sau da yawa da ƙishirwa, ko ƙafafunka suna yi maka wani irin tsukuku da ba ya lafawa sai ka motsa su, ko kana rama da bugun zuciya, ko baƙin ciki ya lulluɓe ka har abin da kake so ya daina yi maka daɗi. Wanda tunanin cutar da kansa ya fara zuwar masa ya nemi taimako a ranar, ya kuma gaya wa wani na kusa da shi. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya tana ba da shawarar likita ta waya dare da rana.

Game da ƙwaya, kada ka karɓi ta abokin ɗaki ko wadda wani ya shigo da ita daga gida. Magunguna irin su diyazefam jiki yakan saba da su har ya kasa barci sai da su, kuma riƙe su ba tare da takardar likita ba laifi ne mai nauyi a dokar ƙasar nan. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci ɗaya, domin hakan yana da haɗari, likita ne zai tsara masa ragewa sannu a hankali. Idan za ka je asibiti ka tafi da littafin barcinka da sunayen duk magungunan da kake sha, har da na mura da na gargajiya.

Watan Ramadan da lokacin aikin Hajji sukan birkita duk wannan tsari, musamman ga masu aiki a otal-otal da kantunan da ke kewaye da Harami, inda dare yake komawa rana. A waɗannan makonni kada ka auna kanka da ma'aunin sauran shekara, ka dai riƙe wani ƙayyadadden lokaci na babban barcinka ko da bayan hantsi ne, ka rufe taga da labule mai kauri. Bayan Salla ka riƙa matso da lokacin tashinka baya da minti 30 kowane kwana ɗaya ko biyu, kana fita hasken safiya, ka sake buɗe littafin na mako biyu daga shafin da ka tsaya.